Taswirar da matafiyi ke zanawa: sabon salon fasaha da zangunan Sokode da Dapaong

Duk wanda ya buɗe taswirar ƙasar Togo zai ga dogon layi guda ya taso daga Lome a bakin teku, ya miƙe arewa har Cinkassé da ke kan iyakar Burkina Faso. Wannan ita ce babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda manyan motocin kaya ke bi dare da rana. A kanta akwai ɗigo biyu: Sokode, mai nisan kimanin kilomita 340 daga Lome, da Dapaong, wadda nisanta ya haura kilomita 600.

Iyakar abin da taswirar hukuma ke faɗa game da garuruwan nan biyu ke nan, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ba ta san gidan da baƙon ɗan kasuwa ke sauka ba. Ba ta san lungun da mahauta ke bi da asuba ba, balle masallacin da direban Maraɗi ke tsayawa sallah, ko rijiyar da unguwa ta samo sunanta. Mutanen zango kuwa da waɗannan abubuwa suke gane gari.

A 'yan shekarun nan, masu fasaha da dama a Afirka da wajenta sun mayar da hankali kan wannan giɓi. Masu ɗaukar hoto, da masu shirya fim, da masu naɗar sauti suna yin ayyukan da ke tambayar abu ɗaya: wa ke da ikon zana hanya, wanda ya auna ta daga ofis ko wanda ya taka ta da ƙafarsa? Tambayar ta shafi Hausawan Togo da Gana da Benin kai tsaye, domin tafiya ce ta kafa unguwanninsu.

Mece ce taswirar fasaha?

Taswirar da aka saba da ita aikinta awo ne. Tana nuna nisa, da iyaka, da kogi, da titi, kuma galibi gwamnati ko soja ko kamfani ne ke sa a yi ta. Taswirar fasaha kuwa tana nuna yadda mutum ya ji wuri a jikinsa: inda ya kwana, inda aka tsare shi, inda ya ji tsoro, inda aka ba shi ruwa. Tana iya zama zane a takarda, ko fim, ko jerin hotuna, ko sautin da aka naɗa, ko ma tsumman da aka ɗinka.

A Turai ana yawan danganta wannan tunani da Bafaranshen nan Guy Debord. A 1957 ya yanyanka taswirar birnin Paris, ya watsa guntayen a kan takarda, ya haɗa su da jajayen kibau da ke nuna yadda unguwa ke jan mai tafiya a ƙafa zuwa wata unguwar. Manufarsa ita ce a ga birni yadda mai yawo ke ganinsa. Masu fasahar Afirka na wannan zamani sun kai batun inda ya fi zafi, wato kan iyakoki, da shingayen jami'an tsaro, da takardun tafiya.

Hannu, alƙalami da murya

Aikin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Bouchra Khalili, wadda aka haifa a Casablanca ta ƙasar Maroko a 1975. Tsakanin 2008 da 2011 ta shirya gajerun finafinai takwas da ta kira The Mapping Journey Project, wato aikin zana taswirar tafiya. Ta ɗauke su a garuruwa irin su Marseille, da Bari, da Roma, da Barselona, da Istanbul, da Ramallah.

Tsarin finafinan iri ɗaya ne. An shimfiɗa taswira, kyamara na kallonta ba ta motsi. Ba a ganin fuskar kowa. Hannu kawai ake gani riƙe da alƙalami mai kaurin baki, sai muryar mai hannun yana ba da labarin yadda ya bar gida. Yana magana yana jan layi: nan ya yi aikin ƙarfi ya tara kuɗin mota, nan aka kama shi aka mayar da shi baya, nan ya sake tashi. Kafin ya gama, layinsa ya karkace ya ninku, ya rufe tsararrun layukan da masu taswirar suka buga. A ɗaya daga cikin finafinan, wani matashi ne ke nuna doguwar kewayen da yake yi daga Ramallah zuwa gabashin birnin Ƙudus, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba in da babu shingaye.

Daga baya Khalili ta ɗauki hanyoyin takwas ta mayar da su kamar jerin taurari a kan shuɗiyar takarda. Ta cire iyakokin ƙasashe gaba ɗaya, ta bar sunayen garuruwa da layin da ya haɗa su. An nuna aikin a gidan fasahar zamani na MoMA da ke New York a 2016, an kuma sake nuna shi a babban baje kolin birnin Venis na Italiya a 2024.

Abu biyu ne suka sa aikin ya yi ƙarfi. Na farko, mai tafiyar ne ke riƙe da alƙalamin. Na biyu, an rufa masa asiri, tunda ba a nuna fuskarsa ba.

Daga Legas zuwa Bamako a mota

A Afirka ta Yamma, ƙungiyar da ta fi yin fice ita ce Invisible Borders, wato iyakokin da ba a gani, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya Emeka Okereke ya kafa a 2009. A shekarar, maimakon su hau jirgi zuwa taron masu ɗaukar hoto na Afirka da ake yi a Bamako, shi da abokan aikinsa sun shiga mota daga Legas. Taken taron na wannan shekara shi ne iyakoki, su kuwa suka ce sai sun ɗanɗana iyakokin da kansu. Duk abin da suka gamu da shi a hanya, daga jiran jami'in da zai buga hatimi har zuwa lalacewar mota, ya shiga cikin hotuna da rubuce-rubucen da suka kai taron.

Tafiyar ta zama al'ada. Sun je Dakar a 2010, da Addis Ababa a 2011, sannan a 2014 suka yi doguwar tafiya ta kimanin wata biyar daga Legas har Sarajevo a ƙasar Bosniya. A 2015 an gayyace su baje kolin Venis, wanda marigayi Okwui Enwezor, shi ma ɗan Najeriya, ya jagoranta. Marubuci Emmanuel Iduma, wanda ya yi wasu tafiye-tafiyen tare da su, ya fitar da littafinsa A Stranger's Pose a 2018.

Tun kafin su, an taɓa yin abu makamancin haka a yankin. A tsakiyar shekarun 1950 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Jaguar, wanda ya fito a 1967, kan samari uku da suka tashi daga Nijar zuwa ci-rani a ƙasar da a yau ake kira Gana. An ɗauki hotunan babu sauti. Daga baya 'yan wasan, ciki har da Damouré Zika, suka zauna suna kallo suna ba da labari da bakinsu, kuma wannan hirar tasu ce ta zama muryar fim ɗin.

Wani ɗan Najeriyan, Emeka Ogboh, da kunne yake zana gari. Ya daɗe yana naɗar sautin Legas: kiran yaran motar danfo da ke jero sunayen unguwanni, da hayaniyar kasuwa, da ƙarar janareto. Idan aka kunna sautin a wani titi na Turai, ɗan Legas da ke wucewa yakan gane tashar da aka naɗe shi. Kiran yaron mota shi ma jerin hanya ne, daga wannan tasha zuwa waccan.

Buhu ma yana da tarihin tafiya

Misalin da ya fi kusa da arewacin Togo yana Tamale, a arewacin Gana. Daga Sokode akwai hanyar da ke bi ta Bassar, ta ƙetare iyaka a wajen Tatale, ta ratsa Yendi ta isa can. A Tamale aka haifi Ibrahim Mahama a 1987, kuma da tsofaffin buhuna ya yi suna a duniya.

Buhunan da yake aiki da su ana saƙa su a Indiya da Bangaladash, a kawo su Gana domin zuba koko. Bayan sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, a zuba masara, a zuba shinkafa, daga ƙarshe a zuba gawayi. Kowane mai kaya yana barin alamarsa a jiki: suna, ko lamba, ko sunan gari, ko faci. Mahama yakan karɓi tsofaffin buhunan a kasuwa, ya sa a ɗinke su su zama ƙaton mayafi, ya lulluɓe gini da shi. A Venis a 2015 ya rufe bangon wani dogon lungu da su. Wanda ya tsaya ya karanta rubutun da ke jikin buhunan, hanyoyin kasuwancin yankin yake karantawa.

Abin da ya ƙara wa Mahama daraja shi ne bai tare a Turai ba. Ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah a Tamale a 2019, sannan ya buɗe wani wurin da ake kira Red Clay, inda ya kai tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa, yara suna shiga ciki suna ɗaukar darasi. Ya nuna cewa garin arewa, nesa da teku da fadar gwamnati, zai iya zama cibiyar da ake zuwa daga ko'ina.

A Benin kuma akwai Romuald Hazoumè, wanda ke aiki da jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Najeriya. A 2007 ya kai wani jirgin ruwa da ya harhaɗa da jarkoki baje kolin Documenta a Jamus, yana nuni da masu tsallaka teku neman rayuwa. Buhu da jarka kayan yau da kullum ne a kowace tasha daga Cinkassé zuwa Lome. Su waɗannan masu fasaha sun lura ne cewa kayan suna ɗauke da labarin hanyar da suka bi.

Fatake sun riga kowa

Ga Bahaushen da ya san tarihin Gwanja, duk wannan ba baƙon abu ba ne. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ya ƙetare kogin Kwara, ya nufi Salaga neman goro. Wata hanyar takan bi ta Borgu, ta Nikki da Djougou, ta shigo ƙasar Kotokoli inda Sokode take a yau. Wata kuma takan bi ta arewa, ta ƙasar Gurma, ta sauka a Sansanne Mango da ke bakin kogin Oti, kudu da Dapaong, ta wuce Yendi. Sunan Sansanne kansa ana danganta shi da kalmar Hausa ta sansani.

Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu ko fiye, da jakuna da takarkarai. Suna tafiya da kanwa, da rinannun tufafi, da jar fata, da dabbobi, su komo da goro bayan watanni. A kan waɗannan hanyoyi an kuma yi cinikin bayi, kuma Salaga ta yi ƙaurin suna a kansa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana tsarin wannan fatauci a littafinsa Caravans of Kola na 1980.

Madugu ba ya riƙe takardar taswira. Taswirarsa jerin sunaye ce a ka: daga wannan zango zuwa wancan yini nawa, ina ruwa yake a rani, wane sarki ake biya kuɗin wucewa, wane kogi ne ba ya ƙetaruwa da damina. Jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da biyan kuɗi, malamin ayari na rubutu da addu'a. Turawan da suka fara shigowa sun dogara ga wannan ilimi. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya cika shafuka da jerin hanyoyin da ya ji daga bakin matafiya, har da waɗanda ke bi ta Sansanne Mango zuwa Salaga. Kafin shi, a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Hugh Clapperton taswirar da ke nuna koguna da garuruwan yankin, aka buga ta a Landan a 1826.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa wasu garuruwa. Cikinsu akwai Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Kafin yaƙin duniya na ɗaya garin yana ƙarƙashin Togon Jamusawa, kuma malamin ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da Hausa kan garuruwa da sana'o'i da al'ummomi. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Ingila da Faransa suka raba Togo. Ɓangaren yamma ya haɗe da Gana a 1957, na gabas ya samu 'yanci a ranar 27 ga Afrilun 1960. Haka Kete-Krachi da Yendi suka kasance a wata ƙasa, Mango da Sokode a wata, alhali zango ɗaya ne ke miƙa baƙo ga ɗaya.

Sokode, gari mai cibiya da yawa

Sokode ita ce babban birnin yankin tsakiyar Togo, kuma ƙidayar 2010 ta ba ta mutum kimanin 95,000. Masu ƙasar su ne Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, kuma yawancin mazauna garin Musulmi ne. A 1995 masu bincike biyu, Jean-Claude Barbier da Bernard Klein, suka fitar da ƙaramin kundin taswirorin garin da Faransanci, mai suna Sokodé, ville multicentrée du Nord-Togo. Sunan littafin ya faɗi abin da suka gano: garin ba shi da cibiya guda. Ƙauyuka ne da dama, kowane da sarkinsa da tarihinsa, suka yi ta girma har suka haɗe bayan Jamusawa sun kafa bariki a wurin a ƙarshen ƙarni na 19.

Shi ya sa mutumin Komah, inda fadar babban sarkin Tem take, yana da nasa tsakiyar garin. Mutumin Didaouré, tsohuwar unguwar baƙin 'yan kasuwa Musulmi masu sunaye irin su Traore da Ture da Fofana, yana da nasa. Haka na Kpangalam, da na Tchawanda, da na Zango. Da za a ba mutum biyar daga unguwannin nan takarda a ce kowa ya zana Sokode, da an samu gari biyar. Wani zai fara daga babbar kasuwa, wani daga masallacin Juma'a, wani daga tasha, wani daga gadar rafin Kpondjo.

Kundin 1995 ya nuna gidaje da tituna da iyakokin unguwanni. Abin da salon Khalili ko na Ogboh zai ƙara a kai shi ne murya. Tsohon dillali zai iya jan layin da kakansa ya biyo daga Kano ta Djougou. Mai sayar da koko da ƙosai za ta iya nuna zagayen da take yi kowace safiya. Hanyar da mahaya dawaki ke bi a bikin Gadao-Adossa ita ma taswira ce, domin tana nuna wace unguwa ce ke gaishe da wace. Garin kuma ya yi suna wajen saƙa, don haka ba dole sai a takarda za a zana ba.

Dapaong, gari a bakin iyakoki

Dapaong ita ce hedikwatar yankin Savanes, ƙasar Moba da Gurma, inda Mosi da Fulani da Hausawa da sauran baƙi suka daɗe suna zaune. Ƙidayar 2010 ta ba ta mutum kimanin 58,000. Ɗan gaba kaɗan Cinkassé take, da babbar kasuwarta, Burkina Faso na arewa, Gana na yamma, Bawku ba nisa. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, kaya masu yawa da ke zuwa Yamai daga tashar jiragen ruwan Lome suke tashi, su ratsa Sokode da Dapaong, su bi ta Burkina Faso da rakiyar sojoji. Direbobin da ke wannan hanya suna da taswira a ka wadda ba ta cikin kowace waya: inda ake kwana, inda ake jira kwanaki, inda ba a tsayawa.

Yankin yana da tsofaffin alamomi na mutanen da suka bar sawunsu a dutse. Akwai zane-zanen kan dutse a Namoudjoga. Akwai kuma kogunan dutsen Nok da Mamproug, inda mutane suka gina rumbunan laka a jikin tsauni suka riƙa fakewa a zamanin hare-hare, daga ƙarni na 17 zuwa na 19. Tun shekarar 2000 wurin yana cikin jerin da Togo ta miƙa wa hukumar UNESCO. Darasin Nok ya bambanta da na Sokode. Mutanen da suka fake a can sun tsira ne saboda maharan ba su san hanyar ba.

Darasin zangon Lome

Me ya sa wannan batu ya wuce nishaɗi? Amsar tana cikin abin da ya faru a Lome. Zangon birnin ya daɗe a tsakiyar gari, kusa da harkokin kasuwa. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka mayar da mutanensa bayan gari ta arewa, kimanin kilomita 15 daga inda suke. Masani Michel Agier ya yi bincike a cikinsu, ya fitar da littafi a 1983 kan manyan 'yan kasuwar zangon da yadda masu masauki ke riƙe da jama'arsu. Al'ummar ta sake kafuwa, amma lungunan tsohon zango, da wanda ke maƙwabtaka da wane, sun koma cikin kawunan tsofaffi. Duk tsohon da ya rasu, da wani yanki na unguwar yake tafiya.

Unguwar da ba a rubuta ba tana da sauƙin sharewa. Mutanen Kibera a Nairobi sun fahimci haka. A 2009 matasan unguwar suka fara sa gidajensu da makarantunsu da famfunan ruwansu a kan OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, bayan an daɗe ana nuna wurin kamar fili. A Togo ma akwai masu wannan aiki na sa-kai. Akwai kuma masanin gine-gine Sénamé Koffi Agbodjinou, wanda ya kafa cibiyar WoeLab a Lome a 2012 bisa tunanin cewa mazauna unguwa su ne ya kamata su tsara ta da kayan fasahar da suka ƙera da kansu.

Sai dai yawancin wuraren baje kolin fasahar zamani na ƙasar a Lome suke. Mafi girma shi ne Palais de Lomé, tsohuwar fadar gwamnan Jamus da aka gina tsakanin 1898 da 1905, aka mayar da ita cibiyar fasaha a 2019. Misalin Tamale ya nuna cewa arewa ba sai ta jira kudu ba.

Inda hatsarin yake

Taswira kamar wuƙa take, ya danganta da hannun da ya riƙe ta. Tun Nuwamban 2021 'yan bindiga ke kai hare-hare a arewacin Togo, musamman a gundumar Kpendjal. A Mayun 2022 an kashe sojoji takwas a Kpékpakandi, kuma a watan Yunin shekarar gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin Savanes, wadda aka yi ta tsawaitawa. A irin wannan yanayi, saurayin da aka gani yana ɗaukar hoton gada ko yana rubuta sunayen hanyoyin daji zai iya jawo wa kansa da unguwarsa zargi. Hanyar da makiyayi ko ɗan kasuwa ya faɗa da kyakkyawar niyya za ta iya faɗawa hannun da bai dace ba.

Akwai kuma batun ƙasa. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da Yarbawa da Mosi da Dendawa da Fulani. Ƙasar da aka kafa shi a kai kuma masu gari ne suka bayar. Taswirar da ta zama hujjar cewa nan namu ne mu kaɗai za ta iya tayar da rigimar da kakanni suka kwantar. Wadda ta nuna wane sarki ne ya sauki baƙi, da auratayyar da aka yi, da kasuwar da ake ci tare, ita ce ke ƙara danƙon zumunci.

Yadda za a fara

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Babbar takarda, da alƙalami, da wayar da ke naɗar murya sun isa. Abin da ya fi tsada shi ne amana. Dole a fara da sallama ga sarkin zango da limamai da masu gari, a arewa kuma har da sanin hukuma. A nemi waɗanda suka san hanya: tsofaffin direbobi, 'yan kamasho, mahauta, wanzamai, masu sayar da goro, 'yan kabu-kabun da ake kira zemijan, da mata, waɗanda hanyoyinsu na biki da suna da kasuwa ba safai ake tambayarsu ba.

Daga ayyukan da aka ambata za a iya ɗaukar ƙa'idoji kaɗan. Mai labari shi ke riƙe alƙalami. Wanda ba ya so a ga fuskarsa, a nuna hannunsa kawai. A rubuta sunan wuri yadda mutane ke kiransa, da Hausa ko Tem ko Moba, da boko ko ajami, kafin a sa na Faransanci. Abin da zai jefa wani cikin hatsari a bar shi a baki. Kwafin farko kuma ya zauna a unguwa, a makaranta ko a zauren sarki, kafin a kai shi Lome ko Paris.

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ilimin da tafiyar Gwanja ta buɗe yana nan a zangunan Sokode da Mango da Dapaong, a bakin mutanen da har yanzu za su iya jero garuruwan da kakanninsu suka kwana daga Kano zuwa Salaga. Yawancinsu sun manyanta, jikokinsu kuma Faransanci da taswirar waya suka tashi da su. Idan ana so a naɗi wannan jeri daga bakin masu shi, yanzu ne lokacin.